Ɗan Gaban da Ke Cin Benci: Me Ya Sa Jita-jitar Kasuwa Ba Ta Rabuwa da Shi?

A makon ƙarshe na watan Janairun 2025, duk mai bin harkar ƙwallo da ya leƙa wayarsa ya tarar an riga an kai Victor Boniface Saudiyya. Rahotanni sun ce Bayer Leverkusen da Al-Nassr sun daidaita kan farashi, an yi wa ɗan wasan gwajin lafiya, masu haɗa hotuna kuma har sun sanya masa rigar nan ruwan ɗorawa sun tsayar da shi kusa da Cristiano Ronaldo. A gidan kallon da nake zuwa, yaron da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa bai ma bari na zauna ba ya ce, "Kawu, ka ji ɗanmu ya tafi kwasar kuɗin Larabawa?" Na ce masa mu dai jira mu ga ya ɗaga riga a gaban 'yan jarida. Ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba Kawu, mutumin da likita ya riga ya duba? Ai magana ta ƙare."

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar 31 ga wata Al-Nassr ta gabatar da wani daban: Jhon Durán, ɗan Kolombiya mai shekara 21, wanda ta saya daga Aston Villa kan kusan fam miliyan 64. Boniface ya koma atisaye a Jamus kamar ba a yi ba. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne wanda aka fifita a kansa ɗin, ko a ƙungiyarsa ba da shi aka saba fara wasa ba. Ɗan benci ne, mai jiran Ollie Watkins ya gaji a sako shi.

A cikin wannan ciniki guda akwai abu biyu da suka cancanci a warware su: yadda ake ƙera jita-jitar kasuwar 'yan wasa, da dalilin da ya sa ɗan gaba na biyu, mai shigowa canji, ya zama hajar da aka fi yawo da ita a wannan kasuwa.

Labarin Boniface dai ba ƙarya ba ne. Al-Nassr tana neman mai cin ƙwallo, sai ta yi abin da mai sayen rago yake yi a jajibirin Sallah: ya taya wannan, ya zagaya ya taya wancan, ya kuma tabbatar kowane mai rago ya san akwai wani. Kuɗinsa kuwa na rago ɗaya ne. Wasu 'yan jaridar sun faɗa tun a lokacin cewa ɗaya za a ɗauka cikin biyun, amma wannan ɓangare na labarin ba shi da daɗin turawa a WhatsApp, sai ya maƙale a hanya, rabin labarin ya iso mana. Yawancin abin da muke kira jita-jita haka yake. Wani ne da ke cikin cinikin ya saki ɗan abin da zai amfane shi, ya riƙe sauran.

Wanda ya fi kowa buƙatar surutu shi ne eja, wato dillalin ɗan wasa. La'adarsa mai tsoka tana fitowa ne ranar da yaronsa ya sauya ƙungiya ko ya sabunta kwantiragi, saboda haka shiru ba ya ciyar da shi. Tun bayan hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar Jean-Marc Bosman a watan Disambar 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, ko sisi ba a biyan ƙungiyarsa, kuma da zarar ya rage masa wata shida yana iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar wata ƙasa. Wannan ya sa tsoro a zukatan shugabannin ƙungiyoyi, eja kuma da wannan tsoron yake cin abinci. Idan ka ga an wayi gari jaridu uku sun ce wata babbar ƙungiya "tana bibiyar" wani, duba shekara nawa ta rage masa. Sau da yawa za ka tarar biyu ne ko ƙasa da haka, kuma ba tafiyar ake nema ba, ƙarin albashi ake nema. Kukan kurciya ne, shugaban ƙungiya kuma ya san jawabin.

Durán ya nuna wannan ƙuru-ƙuru. A bazarar 2024 an yi ta alaƙanta shi da West Ham, shi kuma ya ƙara wa wutar fetur: yana cikin hira kai tsaye a Instagram ya giciya hannayensa a ƙirji, alamar gudumar nan biyu da magoya bayan West Ham suke yi. Magoya bayan Villa suka fusata. Cinikin bai faɗa ba. Da aka buɗe kakar Firimiya a watan Agusta, wasan farko na Villa a gidan West Ham ne, Durán ya taso daga benci ya ci ƙwallon da ta ba su nasara 2 da 1. Daga nan ya ci Leicester, ya ci Everton da wani dogon bugu daga nesa, ya ci Wolves, duk yana shigowa canji. Ranar 2 ga Oktoba ya canji Watkins a wasan Zakarun Turai da Bayern Munich, ya hango Manuel Neuer ya baro raga, ya ɗaga masa ita ta sama. Kwanaki kaɗan bayan nan Villa ta ba shi sabon kwantiragi har zuwa 2030. Masu murnar cewa yaro ya zauna ba su lura ba: dogon kwantiragi yana ɗaure ɗan wasa, amma yana kuma ɗaga farashinsa. Ba a yi wata huɗu ba aka sallama shi.

Su ma ƙungiyoyin ba a bar su a baya ba. Mai son sayarwa takan bari a ji cewa akwai masu taye uku, alhali ɗaya ne. Mai son saye takan bari a ji ta juya wajen wani, don mai kaya ya sauko. Akwai kuma wadda ba ta da niyyar sayen kowa, amma magoya baya sun matsa, sai ta bari a ji ta taya wani babban suna an ce mata albarka, a tafi a kan ta yi iya ƙoƙarinta. 'Yan jarida irin su Fabrizio Romano suna samun labari da wuri ne saboda waɗannan mutanen suna kiransu, kuma mai kiran ka ya ba ka labari kyauta da dalilinsa. Daga hannunsu labarin yake faɗawa hannun shafukan da ke kwafa su ƙara gishiri: "sun yi tambaya a kansa" ya koma "sun fara tattaunawa", kafin magariba ya zama "ya amince".

Ƙarya tsagwaronta ma tana nan, sai dai ba ta kai yawan da ake zato ba. A Janairun 2009 jaridar The Times ta Landan ta saka wani Masal Bugduv, wai matashi ɗan Moldoba da Arsenal take zawarci, cikin jerin matasa 50 da suka fi tashe. Babu wani mutum mai wannan suna. Wani ne ya ƙirƙire shi a intanet don ya gwada yadda labari ke yawo. Wani lokacin kuma ɗan wasan da kansa ne yake gaskata labarinsa fiye da kima. Peter Odemwingie ya tuƙa mota zuwa filin QPR a Landan ranar 31 ga Janairun 2013, ranar rufe kasuwa, ya tsaya yana yi wa 'yan jarida bayanin sabuwar ƙungiyarsa, alhali ƙungiyarsa West Brom ba ta sallama ba. Aka hana shi shiga, ya juya.

To me ya sa a cikin dukan 'yan wasa, ɗan gaba na biyu ne ba ya rabuwa da irin wannan?

Amsar tana cikin yadda aka sauya tsarin tsayuwa a fili. A 1999 Manchester United tana da 'yan gaba huɗu, Dwight Yorke da Andy Cole da Teddy Sheringham da Ole Gunnar Solskjær, suna rabon gurbi biyu. Ko kai ne na huɗu, rauni ɗaya ko gajiya ɗaya ya raba ka da shiga. Yau yawancin manyan ƙungiyoyi lamba tara ɗaya suke tsayarwa, kuma shi wannan ɗayan yawanci shi ne mai albashi mafi tsoka, mai farautar takalmin zinare, wanda idan aka cire shi a minti na 70 sai ya ɓata rai har washegari. Mai tsaron raga na biyu ya san matsayinsa tun ranar da ya sa hannu, ya kuma yi haƙuri da shi. Ɗan gaba ba zai iya ba, domin da ƙwallayen da ya ci ake auna shi, da su ƙasarsa take kiransa, da su ake yanka masa albashi na gaba. Kowane mako da ya yi a zaune, farashinsa ne yake zagwanyewa.

Shi ya sa wannan gurbi yake da wuyar cikewa. Tottenham ta sha wannan wahala shekara da shekaru a zamanin Harry Kane. Ta sayo Vincent Janssen a 2016 bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Holan da 27, ya zo ya ci 2 kacal a kakarsa ta farko a Firimiya. Ta kawo Fernando Llorente a 2017, ta karɓi aron Carlos Vinícius a 2020. Duk ɗan gaban da ya isa ya san Kane ba ya hutawa, don haka ba ya zuwa. Masu karɓar irin wannan aiki sanannu ne: yaro mai tasowa da ke ganin benci a babbar ƙungiya makaranta ce, ko wanda shekaru suka fara ja da ke son ya rufe da kofi, ko ɗan aro da aka kira don a toshe ɓaraka. Odion Ighalo ya zo United aro daga Shanghai Shenhua a ranar rufe kasuwar Janairun 2020, bayan Marcus Rashford ya ji ciwo a baya, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya sa rigar. Shekara uku bayan haka, da Ronaldo ya tafi, United ɗin ta sake aro Wout Weghorst daga Burnley. Real Madrid, da Karim Benzema ya wuce Al-Ittihad a 2023, ba ta sayi babban ɗan gaba ba, ta karɓi aron Joselu daga Espanyol. Ka lura, babu ɗaya cikin waɗannan da aka kawo don ya daɗe. Yaron zai girma ya nemi nasa gurbin, babban zai gaji, ɗan aron zai koma. Gurbin da kullum yake shirin zama fanko kuwa, dole kowace kasuwa a saka masa suna.

Kuma ta ko'ina aka ɓullo, magana ce. Idan bai ci ƙwallo ba, ƙungiya tana neman wani. Idan ya ci, shi yana neman wata ƙungiya. Julián Álvarez ya ɗauki Kofin Duniya da Ajantina a 2022, ya ɗauki kofi uku da Manchester City a 2023, amma a wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Inter a Istanbul ko minti ɗaya bai taka ba, Erling Haaland yana gabansa. Wanda ya ci ƙwallo 4 a Kofin Duniya ba zai daɗe yana kallon manyan wasanni daga zaune ba. A Agustan 2024 ya tafi Atlético Madrid kan kuɗin da zai iya kaiwa Yuro miliyan 95. Kelechi Iheanacho ya gudu daga inuwar Sergio Agüero a 2017 kan fam miliyan 25, ya faɗa inuwar Jamie Vardy a Leicester. Sai da rauni ya tilasta wa Brendan Rodgers haɗa su biyu a gaba a 2021 aka ga abin da yake iyawa: ya zama gwarzon watan Maris na Firimiya, ya ci ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe na kofin FA.

A nan ne masu saye suke yawan cinikin biri a sama, kuma a ganina nan ne ainihin maganar take. Ƙwallon ɗan canji tana da ruɗi. Yana shigowa ne lokacin da 'yan bayan abokan hamayya suka yi awa guda suna gudu, ƙafa ta yi nauyi, wani ma yana ɗauke da katin gargaɗi yana tsoron taɓa mutum. Wasan ya buɗe: ko dai ƙungiyarsa tana neman farkewa ta kwashe kowa ta tura gaba, ƙwallo tana ta ruwa a gaban raga, ko kuma ɗaya ɓangaren ne yake nema ya bar bayansa a buɗe. Idan ka raba ƙwallayensa da mintunan da ya buga, sai ka ga ya fi wanda ake fara wasa da shi, eja kuma wannan lissafin yake ɗauka ya kai kasuwa. Amma fara wasa wani aiki ne daban. Za ka juya wa raga baya kana kokawa da ƙarti biyu masu cikakken ƙarfi, ka yi ta korar ƙwallo a ƙafar 'yan baya, ka yi minti 20 ba ka taɓa ta ba, ka kuma maimaita bayan kwana uku. Divock Origi ya shigo canji ya ci Tottenham a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2019, magoya bayan Liverpool ba za su taɓa mantawa da shi ba. Da ya koma AC Milan a 2022, ƙwallo 2 ya ci a gasar Italiya. Álvarez kuwa ya je Atlético ya ci 17 a La Liga a kakarsa ta farko. Wato wani benci ne ya danne shi, wani kuma benci ne ya rufa masa asiri, kuma a takarda su biyun kamarsu ɗaya.

Akwai kuma wanda abin yake zo masa a juye. Ahmed Musa ya saba a fara wasa da shi tun daga Kano Pillars har CSKA Moscow. Leicester ta saye shi a 2016 kan sama da fam miliyan 16, ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, muka ce shi ke nan. Sai benci. Na tuna Janairun 2017 da ya shigo canji a kofin FA ya ci Everton biyu suka yi nasara, gidan kallo ya kaure da ihu, aka yi ta cewa yanzu kam dole koci ya gane. Bai sauya komai ba. Sai da ya koma CSKA aro a farkon 2018 ya dawo da ƙafarsa, wata biyar bayan nan ya ci Iceland biyu a Kofin Duniya. Wasu 'yan wasan sai sun yi gumi suke shiga wasa, minti 15 ba ta isar su.

Shi kansa shigowa canji sana'a ce, kuma ba kowa ya iya ta ba. Ka yi awa guda a zaune cikin sanyi, a ce tashi ka motsa jiki, ka motsa, a ce koma ka zauna, can a kira ka saura minti 10. Wataƙila sau huɗu ƙwallo za ta zo ƙafarka. Wanda aka fara da shi idan ya ɓarar da ta farko yana da sauran dama, kai kuwa ta farkon ita ce ta ƙarshe. Solskjær ya sha bayyana cewa idan yana benci ba wasan yake kallo kamar ɗan kallo ba, 'yan bayan da zai tarar yake nazari: wa ya fara gajiya, wa yake jinkirin juyawa. A Fabrairun 1999 ya shigo saura kusan minti 20 a gidan Nottingham Forest ya ci 4, aka tashi 8 da 1. Abin da ba kowa yake tunawa ba shi ne a bazarar 1998 Tottenham ta taya shi fam miliyan 5.5, United kuma ta sallama. Shi ne ya ƙi tafiya, bayan Alex Ferguson ya kira shi ofis ya ba shi tabbacin zai samu wasa. Ranar 26 ga Mayun 1999 a Camp Nou, Bayern tana gaba da ci ɗaya tun minti na 6, Sheringham ya shigo ya farke bayan cikar minti 90, Solskjær da ya shigo a minti na 81 ya ƙara ta biyu. 'Yan benci biyu suka kawo kofin. Joselu ma abin da ya yi wa Bayern ɗin ke nan a 2024: ya shigo a minti na 81, ya ci biyu, ya kai Madrid wasan ƙarshe. Kafin su duka, Roger Milla na Kamaru ya ci 4 a Kofin Duniya na 1990 yana da shekara 38, kuma ko wasa ɗaya ba a fara da shi ba.

Irin su Solskjær, masu zama shekara goma sha ɗaya a wuri ɗaya da wannan matsayi, sun yi ƙaranci, duk da cewa darajar aikin ƙaruwa ta yi. Sai a 1965 aka fara yarda da canji a gasar Ingila, Kofin Duniya kuma a 1970. An daɗe a kan canji uku, annobar korona ta kawo biyar a 2020, aka tabbatar da shi a doka a 2022. Koci yanzu yana iya sauya kusan rabin 'yan wasansa na cikin fili, don haka rabin sa'ar ƙarshe ta zama wasa na biyu da ake shirya wa tun daga atisaye. Amma ƙarin minti bai kashe ƙishirwar ɗan gaba ba. Durán ɗin nan, da aka fara da shi a wasan Bologna ya ci ƙwallo, aka cire shi aka sa Watkins, sai da ya naushi kujera.

Sannan ga lissafin kuɗi, wanda masu jita-jita ba su cika kawowa ba alhali shi ne yake yanke hukunci. A lokacin, dokar Firimiya ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma an ga ta yi cizo: an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. A littafin ƙungiya, kuɗin sayen ɗan wasa ana rarraba shi ne kan shekarun kwantiraginsa, amma ribar sayarwa gaba ɗaya ake rubuta ta. Villa ta sayo Durán daga Chicago Fire a Janairun 2023 kan abin da bai kai fam miliyan 20 ba. A makon da Al-Nassr ta zo, Arsenal ma ta taya Watkins. Villa ba za ta sayar da su biyun ba, kuma tsakanin wanda koci Unai Emery ya gina wasansa a kansa da wanda yake shigowa yana fushi, ga riba ninki uku, zaɓin bai yi wuya ba. Ɗan benci shi ne kadarar da za ka sayar da tsada ba tare da ka taɓa 11 na farko ba.

Shi ma Boniface ɗin, idan aka duba, benci ne ya jefa shi kasuwa. Ya ji ciwo a watan Nuwamba, Patrik Schick ya karɓi gurbin ya yi ta zura ƙwallo, har da guda 4 a ragar Freiburg, sai Leverkusen ta ga za ta iya rabuwa da shi. Da cinikin ya watse, a wasan da ya biyo baya aka fara da shi ya ci Hoffenheim. Durán bai cika wata shida a Riyadh ba aka tura shi aro Fenerbahçe ta Turkiyya. A Agustan 2025 Boniface ya sauka a Milan, aka sake haɗa hotuna, wannan karon da riga mai ja da baƙi, aka sake yi masa gwajin lafiya, cinikin ya sake rushewa, ya ƙare a aro a Werder Bremen. A makon da yake Milan ɗin na je gidan kallo, na ce wa yaron bakin ƙofa, "Yaya, an ce likita ya duba mutuminka." Ya karɓi kuɗinsa, ya miƙo min canji, ya ce, "Kawu, shiga kawai, an kusa take wasa."